Shekarau a Kwarin Ɓawo

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya fitar da zaƙi daga busasshen itace, ya ɗinka wa kowane ɗan itace riga daidai jikinsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ku gyara zama ku ba ni aron kunnuwanku, in ba ku labarin tafiyar da na yi, ni Shekarau ɗan Nomau, mutumin Tsaunin Marke ta ƙasar Dambaje, can bayan tekun da jiragenku ba su taɓa ƙetarewa ba. Na ga abin dariya a tafiyar nan, na ga abin kuka, na kuma yi warin da ɗan Adam bai taɓa yin irinsa ba, duk saboda tsohuwa guda.

Tsohuwar nan kakata ce, Tabawa, wadda ta rene ni tun ina rarrafe bayan iyayena sun rasu. 'Yar firit ce, iska mai ƙarfi sai ta ɗauke ta, amma bakinta ya ishi unguwa. Ba ta kirana da sunana sai dai "maigida," ni kuma in ce mata "uwargida," kullum cikin yi mini barazana take, wai za ta kai ni gaban alƙali don na bar ta da tsohon zane. Ba ni da kowa a duniya sai ita, kuma ban taɓa jin na rasa kowa ba.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita. Barmo mai magani ya ba ta wani jiƙo mai ɗacin tsiya, ya kori zazzaɓin sarai, amma ya bar mata ciki a buɗe. Duk abin da ta ci, kafin a wanke kwano ya wuce. Koko ya wuce, fura ta wuce, ruwa ma gaisawa kawai suke yi. Ta rame har awarwaronta ya riƙa zamewa daga hannu yana faɗuwa. Daga baya ta daina neman abincin gaba ɗaya, in an kawo ta kau da kai. Ranar da na wuni a gabanta ba ta tsokane ni ko sau ɗaya ba, ranar tsoro ya kama ni sosai.

Na je na tsare Barmo a zaurensa, shi kuwa bai ɓoye mini komai ba. Ya ce a cikin kowane mutum akwai wani gari na ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ke riƙe da ciki, su ke daidaita abin da aka ci. Jiƙonsa bai san ɗan gari da baƙo ba, ya kashe cuta ya haɗa da su, 'yan kaɗan ɗin da suka rage kuwa yunwa ce ke ƙarasa su, don su ba tuwo suke ci ba. Na tambaye shi me suke ci. Ya ce iyakar saninsa, ya taɓa ji a bakin wani falke cewa abincinsu yana jikin 'ya'yan itace. Na ce ai mun fere mata mangwaro mun ba ta, abin sai ƙaruwa ya yi. Ya ce to wataƙila mangwaronmu ne bai isa ba, in tafi Birnin Zaƙi, inda ba a taɓa ganin itace ba 'ya'ya ba.

Na damƙa ta a hannun Delu maƙwabciyarmu. Da na durƙusa yi mata sallama, ta buɗe ido da ƙyar ta dube ni.

"Gudu za ka yi, maigida? Dama na san auren nan ba zai yi ƙarko ba."

Na ce mata abinci zan nemo mata, ta jira ni. Ta ce ita ba ta saba jiran namiji ba, amma za ta duba ta gani. Na fita ina dariya, ban kai ƙofar gari ba na ji gemuna ya jiƙe.

Na ƙetare Kogin Shuni, wanda ke rina mutum iyakar inda ruwa ya kai masa, har yau in na naɗe wando za ku ga shaida. Na ratsa filin da inuwa ke gajiya ta zauna, dole ka tsaya ka jira ta. Daga nan na shiga Dajin Birai, dajin da ba shi da hanya sai ɗaya, birai kuma sun tare ta. Al'adarsu abu guda suke karɓa a hannun kowane matafiyi, kuma ba mai tsada suke nema ba, wanda ka fi ji da shi suke ɗauka. Babbansu wani tsoho ne mai farin gemu, ba ya taɓa kayan kowa, ido kawai yake zuba maka. Wani falke da ke gabana ya wuce da jakunansa shaƙe da alharini ba wanda ya kula, suka raba shi da wani tsohon molo mai tsirkiya ɗaya, ya tafi yana kuka wiwi, ni ina yi masa dariya. Ni kuwa sabon takalmina suka ɗauke, wanda na rataya a wuya don kada hanya ta cinye mini shi. Da tafin ƙafata na ƙarasa tafiyar, ƙaya ta yi yadda ta ga dama da ni.

Hancina ya riga idona isa Birnin Zaƙi. Daga nesa ƙamshi ne, kana matsowa ya koma wani abu dabam. 'Ya'yan itace kam Barmo bai yi ƙarya ba. Mangwaro ɗaya sai ya cika ƙwarya, lemo ya fi ƙarfin hannu ɗaya, ga ayaba, ga abarba, ga kankana, rassa har ƙasa rani da damina. Mutanen birnin ba sa cin komai sai tsokar waɗannan, shi ya sa da wuya ka ga baligi da cikakkun haƙora, ciki kuwa kowa nasa a kumbure. Amma ba wannan ne abin mamakin ba.

A birnin nan darajar mutum ba a rigarsa take ba, ba a dokinsa ba, a ƙofar gidansa take. Kowane gida yana tara ɓawon abin da ya ci, tsibi guda, kuma tsawon tsibinka shi ne girmanka. In mutum biyu suka haɗu ba sa tambayar gajiya ko iyali, ɗaya zai ce, "Ina tsibi?" ɗayan ya ce, "Yana tashi." Babban zagi a wurinsu shi ne a ce maka mai shararriyar ƙofa. Har sarauta gare su, Sarkin Tsibi, mai yawo da gora yana awo. Dokarsu ta farko, kada tsibin kowa ya kamo na fada, don haka kowace safiya manyan gari sukan kwashe saman nasu su zuba ta bayan ganuwa, cikin wani kwari mai zurfi. Ta biyu, wanda duk ya taɓa tsibin da ba nasa ba, da hannu ne ko da sanda, shi ma kwarin zai bi. Akuya kuwa ba ta shiga birnin ko da rakiya. Ƙuda ne kawai ke da 'yanci, su ba a yi musu doka ba.

Na yi wa wani mai lambu aikin ban ruwa, ya biya ni da kwando guda na zaɓaɓɓun 'ya'yan itace. Sai dai a can ba a ba ka ɗan itace da rigarsa. Mai lambu ke ferewa, da kauri kuwa, ya riƙe ɓawon don tsibinsa, ya miƙo maka tsoka tsirara. Ni da nake ganin tsokar ce magani, har godiya na yi masa da ya rage mini nauyi. Na ɗauka na kama hanyar gida da murna. Kafin rana ta sake fitowa kwandon yana ɗiga a wuyana, kafin ta faɗi ya zama abin da kare ma ba zai shinshina ba. Na koma, na sake aiki, na sake ɗauka, aka maimaita. Ga shi kuma na ɗirki zaƙi ba ƙaƙƙautawa, nawa cikin ma ya ɓalle, na fara sanin abin da kakata ke ji.

Wata hantsi ina zaune a gefen titi, na rasa abin da ke mini daɗi, sai idona ya faɗa kan wani ɓawon lemo da ya gangaro daga tsibin wani attajiri. Rana ta busar da shi ƙayau, bai ruɓe ba, bai yi komai ba. Na ce a raina, ikon Allah, abin da na ɗauka ya ruɓe, abin da aka yar yana nan garau. Na sa hannu na ɗauka na kai hanci. Ban gama shaƙa ba na ji an riƙe ni ta ko'ina.

Sarkin Tsibi wani ƙato ne mai magana a hankali saboda ciwon haƙori. Na ce masa ni baƙo ne, ban ɗauka ɗan guntun da ya gangaro titi ma tsibi ba ne. Ya ce ɗan tsibi ai tsibi ne. Ya kuma kwantar mini da hankali, wai su mutane ne masu tausayi, ba sa zubar da jini, a kwando za a zura ni sannu a hankali, abin da ya same ni a ƙasa kuwa tsakanina da Allah. Haka aka yi. Ƙarti suka saki igiya, na yi ta sauka ina salati, ina tuna tsohuwar da na ce ta jira ni.

Ƙasusuwa na zaci zan tarar. Abin da na tarar gari ne sosai, da bukkoki, da turame, da hayaƙin murhu. Mutane suka kewaye kwandon suna yi mini barka da sauka, kowa fata tana sheƙi, haƙora reras a baki. Wata doguwar mace mai suna Kuluwa, wadda na lura kowa da ita yake shawara, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wannan cikinsa ne ke gudu, a ba shi riƙe-ciki. Aka kawo mini wani abu a ƙoƙo, daskararre yana rawa kamar romon ƙafar saniya da ya kwana, da ɗan tsami da ƙamshin lemo. Na sha don yunwa. Washegari na tashi na ji cikina shiru, kamar an kori 'yan biki daga gida.

Na je na durƙusa gaban Kuluwa na ce don Allah da me aka yi abin nan. Ta nuna mini sama da baki. Daidai lokacin manyan gari suka fara zubo nasu na safe, ɓawo yana saukowa kamar ruwan sama, mutanen kwari suna tarewa da faifai da zannuwa.

A da Kuluwa matar wani babban attajiri ce, tsibinsu na biyu ne a birni. Ƙuda suka dami jaririyarta har idanunta suka kumbura, wata safiya ta ɗauki tsintsiya ta share tsibin tas. Tsibin na mijinta ne, ba nata ba, don haka aka zura ta, jaririyar kuma aka bar ta a sama. Ta tarar da waɗanda suka riga ta suna tauna ɓawo ɗanye suna mutuwa da kaɗan-kaɗan. Yunwa ce ta koya musu sauran, da gwaji, da kuskure, da kaburbura.

Ta sa ni aiki, don a kwarin ba a koyar da mai naɗe hannu. Ɓawon lemo da na mangwaro, sabo kawai ake tsinta, a wanke, a yayyanka, a shanya a kan duwatsu har ya bushe, a daka. Garin sai a zuba shi a ruwan tsamiya a dafa da wuta marar ƙarfi, ana juyawa har ya fara yauƙi, a tace da ƙyalle, a ajiye a inuwa ya daskare. Wannan shi ne riƙe-ciki. Masu taurin kai kuwa, ɓawon ayaba da abarba da kankana, turara su ake yi a shimfiɗa a cikin kogo, a barbaɗa musu wata farar funfuna da suke kira furfura. Ita ke tauna abin da haƙorinmu da cikinmu ba sa iyawa, ta gutsuttsura dogayen zaruruwan ɓawon su zama gajeru. In ta rufe shi fari fat, a jiƙa, a tace, a dafa ruwan ya yi kauri, ya zama wani maɗi mai ɗan zaƙi kaɗan. Ta ja mini kunne cewa fara kaɗai ake so, in na ga baƙa ko kore in zubar har da faifan, don sun binne mutane a kan wannan.

Na ba ta labarin garin da Barmo ya ce yana cikin ciki. Ta ce ita ba ta taɓa ganinsu ba, amma lalle akwai mai cin maɗin nan a can ƙasa, don ba ya ƙosar da mai shansa nan take, sai bayan kwanaki ka ji ciki ya zauna, yunwa ta gaskiya ta dawo. Da na ji haka na tashi na taka rawa a gaban turmi, mata suna yi mini guɗa. Na ce mata gobe zan kama hanya.

Nan dariya ta ƙare. Kuluwa ta ce ba a fita daga kwari. Ba don mugunta ba, ta ce, amma mutanen sama sun ɗauka duk wanda aka zura ya mutu. Ranar da suka ga mutum ya fito da ƙiba, za su tambayi abin da ya ci, ranar da suka san ɓawo abinci ne kuwa, ko guntu ba zai sake faɗowa ba, duk waɗannan da na gani yunwa za ta kashe su. Na ce kakata fa? Ta ce ita ma tana da wadda ta bari a sama, kuma kullum da ita take kwana take tashi.

Ban ji ba. Na faki ido na gwada hawa ganuwar kwarin, ashe shekara da shekaru na ɓawon ayaba sun mai da dutsen sulɓi. Na hau kamar tsayin mutum uku, na dawo ƙasa da mazaunai, a gaban yara da manya. Na sake, na sake dawowa. Na zauna ina jinyar ƙugu, haushi kamar ya kashe ni, ina kallon kwandon nan yana saukowa da wani sabon mai laifi, yana komawa sama wayam. Sai wata dabara ta faɗo mini.

Na koma wurin Kuluwa na ce, in mutum ne ba zai fita ba, to tsibi fa? Ta dube ni, sai kafaɗunta suka fara rawa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta natsu ta sa na rantse ba zan buɗe baki a birnin ba, ba kuma zan taɓa faɗa wa kowa hanyarsa ba. Shi ya sa sunan da na ba ku ma ba shi ne sunansa na gaskiya ba, kada wani ya wahalar da kansa.

Mata suka saƙa wani babban kwando mai kama da akurki, suka shirya ɓawo a zare suka lulluɓe shi, suka ƙara da ruɓaɓɓe a sama don ƙuda su ba da shaida. Kuluwa ta cika mini jaka da garin riƙe-ciki da ƙullin furfura, ta ɗaura mini a ciki da hannunta.

"Ka je ka same ta da rai," ta ce. "Ko da mutum ɗaya ne daga cikinmu, ya koma wurin nasa."

Da aka sake zuro wani, yana fita na shige kwandon na kifa akurkina. Ina jin ƙartin sama suna nishi suna tsine wa igiya, wai yau ta yi nauyi. Da kwandon ya iso bakin ganuwa suka leƙa, suka ga tsibi zaune. Na miƙe a hankali na taka ƙasa. Wallahi ban taɓa jin gudu irin na ƙartin nan ba.

Kafin in kai kasuwa birni ya taru. Dogarai suka zo da sanduna, suka tsaya nesa suna zagaya ni, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya fara. Wa zai taɓa tsibin da ba nasa ba? Aka kira Sarkin Tsibi, ya zo da gorarsa, ya auna ni daga nesa da ido, ya yi tambayar da ta kusa kashe ni, ya ce na wane ne. Wani attajiri ya yi farat ya ce nasa ne, ya gane ɓawon abarbarsa, kuma tsibin da ya san hanyar gida har ya dawo da ƙafarsa ai ba na ƙaramin mutum ba ne. Wani ya ce ƙarya yake, wannan yankan wuƙar gidansa ne. Gabana ya faɗi, don in aka yanke hukunci aka ba wani, mai shi yana da ikon sa hannu, ya ɗaga ya ga ƙafafu masu shuni.

Sai na shiga raba musu hankali. Na nufi ƙofar na farko kamar zan zauna, mutanensa suka fara kiɗa. Na yi tsaki irin na tsibi, wato na girgiza ƙuda suka tashi, na juya na nufi ƙofar na biyu. Na bar shi na nufi ta wani na uku da bai ma yi magana ba, shi ma nan take ya tuna nasa ne. Kafin a jima rawuna sun fara faɗuwa, masu haƙora suna cizo, marasa su suna yaƙushi, Sarkin Tsibi yana tsakiya yana kare kumatunsa. Ni kuwa ina ta matsawa gefe-gefe har ƙofar gari. Masu gadi suka ga in sun tsaya a hanya zan goge su, suka buɗe ƙofa suka manne da bango.

Abin da ban lissafa ba shi ne awaki. Duk awakin da aka hana shiga birnin a bayan ganuwa suke kiwo, tsawon rayuwarsu suna jin ƙamshi ba su taɓa ɗanɗanawa ba, kuma su ba su san doka ba. Na ji "mee" ta gabas, na ji ta yamma. Na kwasa a guje da akurki a ka, suna bina suna yagar rabonsu, wani bunsuru har da haɗawa da wandona. Allah ya taimake ni sai da muka sha kwana bayan wani tudu suka gama cinye ni, ba wanda ya gani daga birni. Na fito daga kwando tsirara daga ɓawo, jakata tana nan a cikina.

Saura Dajin Birai, kuma na shirya musu. Na tsinci wani farin dutse a rafi, na naɗe shi a tsumma, na rungume a ƙirji ina shafawa. Jakar kuwa na rataya ta a baya sakaka, kamar ta ƙunshi dusa. Na iso gaban tsohon birin ina rawar jiki ta ƙarya, ina roƙonsa ya ɗauki komai ya bar mini dutsen gadon gidanmu. Ya zuba mini ido. Ya daɗe yana kallona, har na fara jin na ci nasara. Sai wani ɗan biri ya diro daga reshe ta bayana, ko taɓa jakar bai yi ba, inuwarsa ce kawai ta gifta. Kafin in san abin da nake yi na saki dutsen na dafe jakar da hannu biyu.

Tsohon ya nuna jakar da hannu. Na yi magiya, na faɗa masa ta marar lafiya ce, na ce ya karɓi rigata, ya karɓi hannuna in yana so. Bai ko ƙifta ba. Suka haye da ita ƙololuwar itace, ina kallo suka kwance ta, suka ɗanɗana, suka tofar, suka zazzage garin iska ta ɗauka. Na zauna a tsakiyar hanya na yi kuka irin wanda na yi wa falken nan dariya a kansa. Da na gaji na tashi, don ko ba komai gara in same ta da rai hannu wofi.

Delu na tarar a ƙofar gida, ta toshe hanci kafin ta gane ni. Ta ce tana nan, amma sai dai addu'a, ruwan koko kawai ake ɗiga mata da ludayi. Na shiga na ga abin da ya rage na kakata a kan tabarma. Na fito tsakar gida na cire hula don in wanke kai, sai wani abu ya faɗo daga naɗin hular. Guntun ɓawon ayaba ne, busasshe, fari fat da furfura. Tun daga kogon Kuluwa yake maƙale a nan, birai ba su kula shi ba, don ni ma ban san da shi ba balle in ji da shi.

Ban wanke kan ba. Na ɗauki kwando na nufi kasuwa wajen masu lemo da mangwaro, na shiga kokawa da awakin garinmu a kan ɓawo. Mutane suka yi ta nuna ni, wai jikan Tabawa ya je yawon duniya ya dawo da taɓin hankali. Na bar su da bakinsu. Tsamiya kuwa ga ta a bayan gidanmu tana zuba ba mai ɗauka. Tukunyar farko garaje ya sa na cika mata wuta, ta tsinke ta ƙi daskarewa, na zubar ina zagin kaina. Ta biyu na zauna na bi ta a hankali yadda aka koya mini, da la'asar na leƙa ƙoƙo na ga yana rawa.

Na tallafo kanta na kai mata ludayi baki. Ta shinshina, ta buɗe ido ɗaya, ta tambaye ni mene ne. Na faɗa mata gaskiya.

"Ka ƙetare duniya," ta ce, muryarta kamar ta sauro, "ka dawo wa matarka da abincin akuya."

Na ce ta sha, akuyar ai ba ta taɓa ciwon ciki ba. Ta sha ludayi ɗaya don ta rabu da ni. Ya zauna. Da yamma ta sha biyu, suka zauna. Na turara ɓawon ayaba na shimfiɗa a cikin tsohon rumbu, na murtsuke guntun nan a kai, kullum ina leƙawa gabana yana faɗuwa kada in ga baƙi ko kore, har ranar da na buɗe na ga fari fat. Na dafa maɗin na fara ba ta kaɗan-kaɗan. Gudun ciki ya tsaya, amma abinci ko kallonsa ba ta yi, in an kawo ta juya wa bango fuska. Barmo ya zo ya duba, ya ce garin da aka kashe ba ya cika rana ɗaya, mu yi haƙuri, wataƙila su farfaɗo, wataƙila kuma mun makara. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abin da nake ci ba.

To, ga ƙarshen hikayata, ya ku masu sauraro, kuma Allah shi ne shaida. Wata safiya ina bayan gida ina shanya ɓawo, Delu ta zo da ludayi a hannu tana faɗa. Wai ƙanzon tuwon jiya da ta bari a tukunya don ta jiƙa wa kajinta, an ɗauke har da tukunyar, kuma ta san ba mai wannan aikin sai ni. Na rantse mata ban gani ba. Muka duba madafa, babu. Na leƙa ɗakin kakata, tabarma wayam. Can muka ji wani ɗan ƙara daga bayan rumbu, ƙurus, ƙurus.

Tana zaune a ƙasa ta jingina da rumbun, da rarrafe ta kai kanta, ga sawun gwiwoyinta a turɓaya. Tukunyar tana tsakanin ƙafafunta, hannunta ɗaya a ciki yana kankara, ɗayan yana tura ƙanzo a baki, tana fama da shi da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ta ɗago ta gan mu, ko kunya babu.

"Me kuke kallo?" ta ce. "Maigida, gidan naka ba miya ne?"

Delu ta saki ludayi, ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da zane. Ni kuwa na juya da sauri na tafi hura wuta, hayaƙi bai ko tashi ba nake ta share ido.